Roƙon a Sa Gudiya Cikin Majinyatan Ƙarya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ceto Daga Sama, Garkuwar Masu Naƙuda, Majinginar Waɗanda Mota Ta Kaɗe.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwar da ta dace da mai aiki cikin gajimare, ina isar da godiyar garinmu Gumbin Kure bisa atisayen da kuka kawo mana da kaka, ranar da jirgin soja mai saukar ungulu ya dira a masussukarmu don nuna yadda za a riƙa ceton farar hula. Na karanci tarihin dauloli da dama, ban ga wadda ta ceci lafiyayye da irin wannan hanzari ba. Ƙorafina kaɗan ne.

Na ɗaya: iskar jirgin ta sheƙe mana gero kyauta, ta kuma raba shi har Maiyama. Wa za mu gode wa?

Na biyu: Magaji mahauci, da kuka zaɓa ya yi majinyaci, aka shafa masa tumatirin gwangwani a ƙirji, likitocin soja suka naɗe shi suka tashi da shi ana tafi, tun dawowarsa ba ya gaisawa da wanda bai taɓa hawa sama ba.

Na uku: a ranar aka kawo Mamman manomi, maciji ya sare shi. Jami'inku ya bayyana cikin ladabi cewa majinyacin gaske ba ya cikin tsarin taron, kuma gadon jirgin sabo ne, ga manyan baƙi. Wa zai ja da tsari? An kai Mamman asibitin Jega a kan babur ɗin kabu-kabu. Ya rayu. Ƙafar ce dai ba ta biyo shi gida ba.

Ga roƙona. Ƙanwata Gudiya na da ciki, haihuwarta za ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke cinye hanyarmu. A haihuwar baya, a kan amalanke jini ya kusa ƙarar da ita. Tunda na fahimci sharaɗin shiga jirgin, ina roƙon a sa atisaye na gaba a watanta, a ɗauke ta a matsayin mai naƙudar ƙarya. Tumatir daga gare mu. Na yi alkawari za ta yi nishi daidai yadda aka tsara, in kuma jariri ya faɗo a sama, duk garin zai shaida cewa wasa ne.

Naka mai biyayya, kai a sunkuye, kunne a sama,

Malam Muntari Gumbin Kure