Gasasshen Goro

Shekarar da muka samu 'yancin kai gyaɗa ta yi albarka a Cadawa, ni kuwa kaina ya kumbura. Na dubi tsohon shagon ƙasa da na gada, inda nake sayar da goro, na ce wannan kogo bai dace da ƙasa mai tuta ba. Na sa aka rushe shi, aka kafa mini butik, wato kantin zamani, na kwano sama da ƙasa, irin na Maraɗi.

Baba Ɗan Tani, maginin unguwarmu, ya ce, "Ɗana, goro fa ba ya son zafi."

"Baba, zamani ya wuce ku," in ji ni, har da gyara hula.

Ana tsakiyar bazara na jera huhun goro uku a ciki, na kulle, na tafi biki Gangara kwana huɗu. Da na dawo na buɗe ƙofa, sai zafi ya mare ni. Ganyen ya bushe ƙayau, goron ya koma tsakuwa. Baba Ɗan Tani ya ciji ɗaya, ya ce, "Ya gasu, saura gishiri."

Yau gemuna fari fat, amma duk ɗaurin auren da na je, ana fara rabon goro sai wani ya nuna ni, ya ɗaga murya: "Na Malam a ba shi gasasshe!"