Ranar da Baffa Mahmudu Ya Yi Kwanci

Duk mai cewa babu masana a Kontagora bai taɓa wucewa ta ƙofar gidanmu bayan la'asar ba. A nan Baffa Mahmudu, ƙanin mahaifinmu, yake shimfiɗa tabarma yana raba ilmi kyauta, ga mai so da marar so. Fannin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne sanyi, kuma ba a banza ya same shi ba. Kafin ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, an taɓa tura shi taron bita a Jos. Ya dawo da wata kwat mai kaurin katifa, aljihu ta ko'ina, da kuma yaƙinin cewa duk jihar Neja shi kaɗai ne ya taɓa ganin sanyi ido da ido. Unguwa ta naɗa shi Farfesan Sanyi. Don tsabar tawali'u bai yi walima ba, sai dai ya sa aka rubuta sunan a bayan babur ɗinsa.

Fanninsa na biyu shi ne kiwon kaji na asali. "Kajina ba su san allura ba, ba su san abincin buhu ba," in ji shi. "Dusa, gara, tsakin dawa, sai ruwan barkono. Ba irin na Malama Salome ba, masu kumburi kamar burodi, a tafa hannu su faɗi." Malama Salome maƙwabciyarmu ce, mai kajin gidan gona.

Kajin nan da yake faɗa, kaza ɗaya ce. Kuma ba tasa ba ce.

Kakarmu Hajiya Kubura, Allah Ya jiƙan ta, ta zo gidan nan aure daga Tungan Magajiya da wata kaza wake-wake a kwando. Wake-wake ta ƙyanƙyashe Ja, Ja ta ƙyanƙyashe Gagara-shirwa, aka yi ta tafiya har zuwa 'Yar Tunga. Duk 'yar da aka aurar daga gidanmu, da budurwar kaza daga wannan zuriya take fita. Sanyin bara ciwo ya share mana akurki, ruwan barkonon Baffa yana kallo, ya bar 'Yar Tunga kaɗai, ga tsufa. Bana da ƙyar ta yi ƙwai, ta hau kwanci a wata tsohuwar tukunya bayan ɗakin girki. Ga bikin yayata Rauda bayan sanyi. In ƙwan nan ya lalace, ita ce amarya ta farko da za ta fita da kwando wayam.

Kowa a gidan sanɗa yake yi in zai wuce tukunyar. Sai Baffa ya lura cewa zuriyar Hajiya tana cikin haɗari, domin babu masani a kanta.

Ya kira magini. Aka tayar da ɗaki na bulo, aka yi masa daɓen siminti, aka rataya labule da tsohon bargo. Ya sayo ma'aunin zafi a kemis, irin wanda ake sa wa yara a hammata, ya ɗaure shi da zare a ƙofa. A saman ƙofar aka rubuta: Cibiyar Kare Kaji Daga Sanyi. Ya gayyaci abokansa na tabarma bikin buɗewa, har da Malama Salome, don ta ƙaru.

Ran Asabar da hantsi, sanyi bai ko aiko da gaisuwa ba, rana tana dukan kwano, Baffa ya fito cikin kwat ɗin Jos, maɓalli har wuya. Ya ɗaga 'Yar Tunga tana ƙyarƙyara, ya kwashe ƙwan zuwa Cibiya, sannan ya karɓi taɓarya ya rotsa tukunyar a gaban jama'a.

"Yau an binne jahilci!" ya ce. Aka tafa.

'Yar Tunga ba ta je Jos ba, saboda haka ba ta gane ba. Ta dubi labule, ta dubi ma'auni, ta bi ta tsakanin ƙafafun Baffa ta koma bayan ɗakin girki, tana zagaye fasassun tukunya tana faɗa. Aka mayar da ita, ta dawo. Aka sake, ta sake. Ashe kuma simintin bai gama bushewa ba. Duk gidan babu wurin da ya kai Cibiyar Kare Kaji Daga Sanyi sanyi.

Inna Rabi'a, matar Baffa, ta taɓa ƙwan ta ji ya fara hucewa. "Malam," ta ce a hankali, "in ƙwan nan ya mutu, kai za ka yi wa Rauda bayani. In ka gama, ka shirya na Hajiya."

Amma masani irin Baffa ba ya rasa mafita a gaban baƙi. "Wannan ai an tanade shi a Jos," ya ce. Ya ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya ya rarraba a aljihunan kwat, na ƙirji da na gefe da na ciki, ya koma ya ci gaba da jawabi.

Ban taɓa ganin jawabi mai nutsuwa irin wannan ba. Hannuwa a buɗe kamar fukafukai. Ba zama, ba tari, ba dariya. Gumi yana bin gemu yana ɗiga. Wani abokinsa da ya makara ya taho zai rungume shi, Baffa ya daka tsawa, "Tsaya can, Bashiru! Gaisa daga nesa!" Ya yi bayanin sanyin sama da sanyin ƙasa, ya shiga sanyin da ke bi ta baki da wanda ke bi ta ƙafa. Malama Salome ta ce, "Baba, ka zauna mana ka huta." Ya ce masana ba sa zama.

Sai aka kira azahar. A nan ilmin Jos ya ƙare, domin ba a sujada da ƙwai a aljihu.

Ya sulale bayan ɗakin girki inda ba mai ganin sa. Ya fito da ƙwan, ya tuɓe kwat ya naɗe ta a daidai gurbin tukunya, ya jera su a kai don kada su gangara, wai kafin ya idar da salla. Kafin ya miƙe, 'Yar Tunga ta haye, ta baza fukafukai, ta lumshe ido. Da ya dawo daga masallaci ya miƙa hannu, ta sara masa ɗan yatsa. Inna Rabi'a ta ɗauko taɓaryar nan ta jingina a wurin, don duk mai neman kwat ya gani.

Sanyi ya zo da gaske a makon da 'yan tsaki suka fito. Suka yi ta shiga hannun kwat suna fita ta aljihu, ko atishawa babu. Farfesa kuwa da zanen Inna Rabi'a yake lulluɓa zuwa sallar asuba, kuma duk gidan shi kaɗai mura ta kama. A tabarma yana share hanci yana cewa dama tsarin ke nan, su ne ba su fahimta ba. Malama Salome ta yarda ƙwarai. Har ta roƙe shi, in an ɗauke wuta injin ƙyanƙyasarta ya tsaya, ko za ta iya aiko masa da nata ƙwan.

Rauda ta tafi da kazarta a kwando. Ranar, kamar yadda aka saba, aka ce in ja wa amarya zuriyar, ni kuwa ba na rage tarihi. Na ce wannan 'yar 'Yar Tunga ce, jinin Gagara-shirwa, jinin Ja, jinin Wake-wake ta Tungan Magajiya. Ta wajen uba, zakaran maƙwabta. Ta wajen kwanci kuma, Baffa Mahmudu.