Finjalin da Abdulghaffar Ya Ajiye

Ranar Asabar awa biyu muka yi a bakin titi a Bani Malik, rana na gasa mu, ga bas a gabanmu amma an hana kowa shiga. Kujerar gaba guda ɗaya ce tak, mu kuwa Allah ya albarkaci ƙungiyarmu ta mazauna Jidda da shugabanni biyu.

Tun zaɓen bara waccan kowannensu ya ce shi ya ci. Mai Girma na Farko ya tafi gida da takardun ƙungiya masu tambari, Mai Girma na Biyu ya jefa hatimi a aljihu. Daga ranar wasiƙa ba ta sake fita ba. A ƙarshe dai aka kira bas ta biyu, kowa ya samu kujerar gabansa. Na jinjina wa wannan hikima.

Tsohuwar fadar nan muka nufa, wadda aka ce bayan yaƙin duniya jakadun ƙasashe sun sha zama a cikinta suna sa hannu a takardu. Kwamitin sulhu ne ya ga cewa in manyanmu suka shaƙi iskar wurin, za su shirya.

Maƙwabcina Abdulghaffar, mai ɗaukar kaya a wani sito a Madinar Masana'antu, ya ajiye aikin yini ya biyo mu. Wata makaranta ta yarda ta ɗauki 'yarsa Nuha, wasiƙar shaida daga ƙungiya kawai ake jira, ranar Alhamis kuma za a rufe ɗauka. Ni sai da na haura arba'in na iya rubuta sunana, don haka maganar makarantar yaro ba na ɗaukarta wasa.

Fada kam fada ce. Mai yi mana bayani ya nuna zauren baƙi da dogon teburi, ni na tsaya a baya ina saurare. Shugabanninmu ba su ji ba, suna kan shawarar wanda zai tsaya dama a hoto.

Da muka fito tsakar gida, wani dattijo mai aiki a fadar, Muath, ya zagayo da gahawa. Matar Abdulghaffar haifaffiyar nan ce, ita ta koya masa al'adar mutanen ƙasar: mai buƙata yakan karɓi finjali ya ajiye bai sha ba, sai babba ya ce masa sha, an biya maka. Abdulghaffar ya durƙusa, ya ajiye nasa a tsakanin manyan biyu, ya sunkuyar da kai.

Na Farko ya dube shi, ya ce, "Masha Allah, azumin nafila a wannan zafi. Jama'a, ku yi koyi da bawan Allah."

Na Biyu ya ce ai ɓarna ba kyau, ya miƙa hannu zai shanye. Muath ya tare shi da bakin buta. Ya yi musu bayanin al'adar da Larabci a hankali, yadda ake yi wa ƙananan yara, mai ɗaukar hoto kuma yana ɗauka.

Nan fa kunya ta yi abin da kwamiti ya kasa. Na Farko ya zaro takarda mai tambari daga jakarsa, fara sol, ya miƙa. Na Biyu ya fito da hatimi. Sai ya ce shi hatiminsa ba zai hau takardar haramtaccen shugaba ba, ya karɓi 'yar takardar bayanin fada da aka raba mana a ƙofa, ya buga a bayanta.

"Halas, shi ke nan, sha gahawarka," in ji su, kusan tare. Aka yi tafi. Abdulghaffar ya sha, ta huce.

A hanyar dawowa ya ɗora takardun biyu a cinyarsa, ya ce, "Kawu, kai da ka yi karatu, in na manne su da gam za su karɓa?"

Na juya ina kallon titi ta taga. Tun asali ni ba mai yawan magana ba ne.

Jiya sanarwa ta fito cewa ziyara ta yi nasara ƙwarai, za a sake wata baɗi. Sau biyu ta iso mini, ɗaya da tambari, ɗaya da hatimi. Yau Laraba. Nuha ta riga ta fere fensirinta.