Ni da Makirfo a Ƙarƙashin Tebur

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta mutanen gari ba za su bari ba. Wata Asabar ce bayan la'asar, ranar da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta dawo buga wasa a Birnin Gwari, kuma ni ne na kusa mayar da ita Kaduna da bakina.

Ni tela ne, shagona yana bakin kasuwa. Ƙungiyarmu ba babba ba ce, a ƙaramar gasa ta jiha take. 'Yan wasanmu da safe wani yana gona, wani yana facin taya, wani yana kabu-kabu, sai da yamma su haɗu a fili. Yayana Sale shi ne kocinsu. Ni kuwa aikina ɗinka lamba a bayan riga da gyaran wandon da ya yage.

Da hanya ta lalace, ƙungiyoyi suka daina zuwa garinmu. Ban ga laifinsu ba. Hukumar gasar ta ce mu riƙa buga wasanninmu na gida a Kaduna. Wato mu ne masu masaukin baƙi, mu ne kuma masu bin hanyar da baƙin suke tsoro. Yaya Sale ya yi ta zarya yana roƙon a dawo mana da wasa gida. A kan hanyar nan ya rasu, suna dawowa daga wani wasa. Wasu mutane a kan babura ne suka tare motar. Iya abin da zan faɗa ke nan a kai. Allah Ya jiƙansa.

Bana da abubuwa suka ɗan lafa, hukumar ta yarda a gwada mu da wasa ɗaya, mu da 'yan Zariya. Za a turo jami'i ya gani da idonsa. Idan ya gamsu, sauran wasannin kakar, na Kafanchan da Saminaka da Kachiya, duk a gida za a buga su. Idan bai gamsu ba, a koma Kaduna. Kowa kuma ya san ba za a koma ba, domin iyayen yaran sun ce ba mai sake hau musu hanya duk mako saboda ƙwallo. Ƙungiyar ce za ta watse, da duk wahalar da Yaya ya sha a kanta.

Ana saura 'yan kwanaki, shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗanlami mai taki, ya zo shagona.

"Kai za ka riƙe makirfo ranar," in ji shi.

"Alhaji, ni fa tela ne."

"Telan da in yana ciniki ana jin muryarsa daga tasha? Ƙanin Sale ne ya kamata ya yi wa mutane maraba. Ka shirya kawai."

A makon nan kuma Malam Iro ya zo. Shi ne jagoran magoya bayanmu na ƙauyukan wajen Kuyello, inda Yaya yake zuwa neman yara masu ƙafa. Ya ce in ɗinka musu tutoci, ja da fari, da sunan Sale a jiki. Na ɗinka. Na ɗaura kowace a doguwar sanda, na naɗe, na sa mata igiya yadda mutum zai rataya a kafaɗa in yana kan babur. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

"A tare za mu taho," in ji Malam Iro. "Ka san ba a bin hanyar nan ɗai-ɗai. Ka yi mana maraba mai kyau, tela."

Na ce masa, "Har sunanka zan kira a lasifika."

Ranar wasa fili ya cika tun kafin la'asar. An kewaye shi da igiya. An aro lasifika wurin wani mai kiɗan biki, aka ɗaura ta a saman bishiyar mangwaro, irin wadda ake ji har cikin unguwanni. An kafa mana tebur da doguwar shimfiɗa har ƙasa (ita ma ni na ɗinka). A gefena aka zaunar da jami'in da aka turo, Mista Danjuma, mutum mai jiki, da kwat da hankici a hannu. Motar 'yan Zariya ta iso, na lura direban ya juya kanta ya fuskanci hanyar fita kafin ya kashe.

Mista Danjuma ya sunkuyo ya ce mini, "Garin dai lafiya ko?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Yanzu ko kaza ba ta firgita a nan."

Haka na ce masa. Da bakina.

Aka yi wa Yaya addu'a. Kyaftin ɗinmu Yohanna, wani ɗan Gbagyi da Yaya ya ɗauko tun yana buga ƙwallo ba takalmi, ya tsaya kansa a ƙasa. Na daure ban yi kuka ba. Na kira sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, na yi wa baƙi maraba, har na fara jin cewa lallai an haife ni da wannan aiki. Alƙali ya busa, aka take ƙwallo.

Ba a daɗe da farawa ba na ji ƙarar.

Wanda bai zauna a nan ba, da wuya ya gane. Ƙarar babur ɗaya ba komai ba ce. Amma ƙarar babura da yawa a tare, daga wajen daji, wannan ba kunne ne yake fara jin ta ba, ciki ne. Na ɗaga kai. Ta hanyar da ke bayan gonakin masara suka ɓullo, uku-uku a kan babur, fuskoki a rufe da rawani, kowa da wani dogon abu rataye a kafaɗa.

Ban tuna Malam Iro ba. Ban tuna tutoci ba. Abin da na tuna daban ne. Na miƙe, makirfo a bakina, na kwarara ihu:

"Jama'a ga su nan! Ga su nan! Kowa ya yi ta kansa!"

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba. Alƙalin wasa ya zura da gudu, usur a baki, duk numfashin da ya yi sai ya busa. Mai rake ya bar baronsa. Golan Zariya ya tsallake igiya ya faɗa cikin masara da safar hannunsa. Sauran 'yan Zariya suka cika motarsu suna ihu a tafi, ashe direba ya riga su gudu, da makulli a aljihu. Alhaji Ɗanlami na hango babbar rigarsa tana tashi, hula a wani wuri, takalmi a wani.

Ni kuwa sai na ɗaga shimfiɗa na faɗa ƙarƙashin tebur. Na tarar da Mista Danjuma a ciki. (Har yau ban san yadda mai jikinsa ya riga ni ba.)

To a nan ne abin kunyar yake. Makirfon yana hannuna. Na rungume shi da hannu biyu, na manna shi a baki kamar wani abin tsari. Kuma a kunne yake.

Ni ban ji abin da na faɗa ba. Mutanen gari ne suka ji, sun kuma maimaita mini sau ba iyaka, don haka na haddace. An ce na fara da salati, wannan ba laifi. Daga nan sai na koma, "Wayyo Inna! Wayyo Inna!" Ni mai furfura a gemu, mai 'ya'ya a sakandare. Sai kuma na ce, "Yaya Sale, ga ni nan tafe."

Sai aka ji wata murya daban tana cewa, "Ya Yesu, ka fitar da ni daga garin nan, ba na sake zuwa."

Aka ji ni na ce, "Ranka ya daɗe, gwiwarka tana cikina."

Aka ji shi ya ce, "Yi shiru mana, za su ji mu!"

Wannan duk daga saman mangwaro yake fita, har kasuwa.

Baburan suka tsaya. Wuri ya yi tsit. Na ji takun mutum yana matsowa, na rufe ido. Aka ɗaga shimfiɗar tebur. Na buɗe ido ɗaya, na ga fuska a cikin rawani. Mutumin ya sa hannu ya ja rawanin ƙasa.

"Tela," in ji Malam Iro, "wannan ce marabar?"

Ita ma wannan ta fita a lasifika.

Na rarrafo waje. Mutanen Kuyello suna tsaye a bakin fili suna warware tutoci, ja da fari, da sunan yayana a jiki, ɗinkin hannuna. Rawanin kuwa saboda iskar hanya ne. A tsakiyar fili Yohanna ne kaɗai, ƙafarsa a kan ƙwallo. Shi bai motsa ba, domin tun daga nesa ya gane babur ɗin kawunsa.

Ba kunyar ihun ce ta fi damuna a lokacin ba. Na dubi filin da babu kowa, na dubi tutocin, na ce a raina shi ke nan, abin da Yaya ya mutu yana nema na rushe shi da ihu ɗaya.

Alhaji Ɗanlami ya dawo yana ɗingishi da takalmi ɗaya. "Kai! Kai! Ka kashe mu! Ba ni abin nan!"

Mista Danjuma yana kakkaɓe gwiwar wandonsa, bai kalli kowa ba. Ya ce, "A'a Alhaji, bar masa. Shi ya kore su, shi zai dawo da su."

Haka na tsaya na ce, "Jama'a, ni ne dai. Ba kowa ba ne, mutanen Kuyello ne. Abin da ke kafaɗarsu tutoci ne. Ni na ɗinka su. Don Allah ku yi haƙuri ku dawo. Golan Zariya, in kana ji na, ka fito daga cikin masara."

Wani ne ya fara dariya daga bayan wata katanga. Sai wani ya ɗauka. Mutane suka riƙa fitowa daga gonaki da ganye a kai, suna dariya har da riƙe ciki, wasu suna share ido. Ban san ko duka dariya ce ba. Mun daɗe ba mu ga babura sun fito daga daji sun tsaya an gaisa ba.

Kocin Zariya ya rantse shi tafiya zai yi, in an samo direba. Malam Iro da mutanensa suka je har bakin mota suka gaishe shi, suka ba shi haƙuri. Yohanna ya ce masa, "Koci, ku ne kuka fara zuwa mana. In kun juya, ba wanda zai sake zuwa." Mutumin ya dubi yaransa, ya ce su sauko. Aka ci gaba da wasa. Suka ci mu ɗaya, Yohanna ya farke da ka ana dab da tashi, aka yi kunnen doki. Na sanar da cin a hankali, kamar mai gaisuwar mara lafiya.

Da aka tashi, Mista Danjuma ya yafito ni gefe. Na riga shi magana.

"Ranka ya daɗe, laifina ne, ba na garin ba. Kada ka hukunta yaran nan saboda ni. Yayana ne..."

"Na san Sale," in ji shi. "Ya sha zama a bakin ofishinmu tun safe." Ya goge wuya da hankici. "Abin da na gani shi ne, babura sun fito daga daji sun kawo 'yan kallo. Mutane sun gudu, sun dawo, an gama wasa. Shi zan faɗa a Kaduna. Abin da aka ji a lasifika kuwa..."

"Ni ban ji komai ba, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ni ma haka."

Na yi masa godiya, muka rabu.

Saura gida. Tun rasuwar Yaya, Inna ba ta cika magana ba, daga sallaya sai bakin ƙofar ɗaki. Na shiga na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa.

"Auta," ta ce, "na ji kana kirana. Na ce to, ni da ciwon ƙafa, me zan yi maka a ƙarƙashin tebur?"

Sai ta fara dariya. A hankali ta fara, har ta kai tana toshe baki da mayafi. Ban ji wannan dariyar ba tun kafin a kawo mana labarin hanya. Da ta tsagaita, ta dube ni ta ce, "Na kuma ji ka ce wa yayanka kana tafe. Ba yanzu ba. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

An amince mana. Asabar mai zuwa 'yan Kafanchan za su zo, an ce 'yan bayansu dogaye ne, ba a cin su da ka. Bayansu sai Saminaka, masu wani ɗan gaba da kowa ke tsoro, sannan Kachiya. Muna can ƙasa-ƙasa a gasar, amma yanzu a gaban iyayensu yaran suke bugawa, suna kuma kwana a gida. Kocin Kafanchan ya kira Alhaji a waya, ya tambaya ko mai sanarwar nan yana nan, ya ce in haka ne a ajiye masa kujera kusa da tebur. Mista Danjuma ma, wanda ya yi alkawarin ba zai sake zuwa ba, an ce shi za a turo.

Alhaji bai karɓe makirfon ba. Shimfiɗar tebur kawai ya sa aka cire. A kasuwa kuwa sunana ya canza, har mata masu kawo ɗinki sai su ce an ce su kai wa Wayyo Inna. Ina amsawa.

Tsoro ba abin kunya ba ne a garin nan, kowa ya san inda ya samo nasa. Amma na koyi abu biyu. In ka ɗinka wa mutum tuta, ka tuna da kamanninta a naɗe. In kuma tsoron ya zo duk da haka, kafin ka kira mahaifiyarka, ka fara laluba maɓallin kashewa.