Ciwon Hantar Shugaba Apakuki

Allah ya yi wa tsibirinmu baiwa uku: teku mai kifi, ƙasa mai gwaza, da Apakuki Naulumatua. Biyun farko sukan gaza a wasu shekarun. Na ukun bai taɓa gazawa ba, shi da kansa ya tabbatar mana.

Shekara ashirin da shida ya yi a Suva, babban birnin ƙasarmu, yana buga hatimi a wani ofishi kusa da tashar jiragen ruwa. Da ya yi ritaya ya dawo mana da baƙar jaka, da takalmi mai ƙara, da tafiya irin ta mutumin da ƙasa ke yi wa godiya don ya taka ta. Ba jinin sarauta ba ne. Kakansa masunci ne, gwani kuwa. Amma da aka ba shi shugabancin kwamitin lafiya na ƙauye, kujerar da kowa ya guje wa, sai ya lura cewa sarki ba ya magana da bakinsa, kakakinsa ke yi masa. Shi ma ya nemi kakaki. Ya samu Nemani, ɗan ƙanen mahaifinsa, mai shanya kwakwa, mutum shiru-shiru da bai taɓa cewa a'a ba ko ga kare. Daga ranar Nemani ke amsa gaisuwa a madadinsa, shi ke godiya a madadinsa, shi ke karɓar kyauta ya ajiye a gabansa. Mata suka laƙaba wa Apakuki suna Jirgin Gwamnati: ƙaho tun daga nesa, kaya kaɗan.

A shekarar mun binne samari biyu, ciki a kumbure, ido rawaya. Sai babban asibiti ya aiko da ma'aikata su ɗebi jinin kowa, a duba ƙanjamau da ciwon hanta. Mutane suka noƙe. Wa ke son a leƙa masa abin da shi kansa bai gani ba? Nan Apakuki ya miƙe a zauren taro, ya gyara zaninsa irin na mazan tsibirinmu, ya yi jawabin da har yau yara ke kwaikwayo.

"Jama'ata, jini littafi ne. Wanda ya hana a karanta nasa, ya san abin da ya rubuta a ciki. Ni Apakuki, ni zan fara. Direban jirgi ba ya tura fasinja su auna masa zurfin ruwa."

Aka tafa. Matarsa Arieta ce kaɗai ba ta tafa ba, don ita ta san mutumin da ke barin ɗaki in ta zira zare a allura.

Ranar gwajin, nas ɗinmu Lavenia tana can ƙetaren ruwa wajen wata mai naƙuda. Baƙin ma'aikatan ba su san fuskar kowa ba, kati suke dubawa. Shugaba ya shiga bayan labule da kakakinsa, kamar yadda ya dace da babban mutum. Nemani ya miƙa katin Apakuki, ya miƙa hannun Nemani. Da suka fito, audugar tana manne a damtsen Shugaba. Kwana uku ya yi yana yawo da ita, hannun riga a naɗe. Sai dai a faɗi gaskiya: mutum ɗari da sha huɗu suka bi bayan audugar nan suka ba da jini.

Bayan mako biyu jirgi ya kawo sakamako. Lavenia ta kira shi ɗakin shan magani ta rufe ƙofa. 'Yar kawunsa ce, taubashiyarsa, wadda al'ada ta ba ikon gaya masa duk abin da ta ga dama, amma ranar ba ta yi wasa ba.

"Ba ka da ƙanjamau. Ciwon hanta ne. Akwai maganin da ke danne shi, amma sai an sake ɗibar jini an ga inda ya kai. Kada ka yi jinkiri, ka ji ko? Wannan ciwon ba ya sallama."

Gumi ya karyo wa Shugaba. Can ya tuna hannun wa aka soka, gumin ya tsaya. Hanya biyu ce a gabansa: ya ce wa ɗan'uwansa je ka asibiti, gari ya ji labarin labule, ko ya riƙe ciwon. Mutum mai daraja ba ya mayar da abin da aka rubuta da sunansa. Ya riƙe.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ya sanar da kansa. "Ni ne na farko a gwaji, ni ne na farko a ciwo. Ban ɓoye ba. Shugaba yakan ɗauki cutar jama'arsa a cikinsa."

Mata suka yi kuka. Kamar yadda ake yi wa marar lafiya, gida-gida aka zo dubiya da gwaza da kifi da tabarmi masu ado a baki, har suka taru ya zauna a kansu ya fi kowa tsawo. Lavenia ta gaji da faɗa cewa ciwon ba ya bin ƙoƙon sha, amma Shugaba ya ware nasa ƙoƙon shan kava, jiƙon saiwar da maza ke zagayawa da shi a taro, mafi girma, don kare al'umma. Ciwo ya karɓe shi. Ya yi ƙiba, ya yi haske. Nemani kuwa, da ke karɓar tabarmin yana godiya, ya fara hutawa sau biyu tsakanin bakin teku da gida, yana dafe gefen cikinsa na dama.

Sau uku Lavenia ta aika a zo a ba da jini na biyu, sau uku Shugaba yana da taro. Rannan ta ɗauko jakarta ta iske shi a gida, ɗaki cike da 'yan dubiya.

"Taubashi, tunda ciwon naka na gari ne, bari a yi a gaban gari. Kawo hannu. Marar lafiyar da ke cin kifi uku a zama ɗaya, ina son in ga jininsa."

Ta fito da allura. Fuskar Shugaba ta koma kalar cikin gwaza. Kafin ya samo taro na huɗu, Nemani ya matso a gwiwa cikin ladabi, ya naɗe hannun rigarsa.

"Wancan karon hagu aka soka, Nas. Yau a yi dama, hagun da ita nake riƙe kwakwa."

Lavenia ta juyo ta dubi Nemani.

"Nemani," in ji Lavenia a hankali, "jinin wa aka kai asibiti?"

"Na Yaya mana. Da sunansa na bayar. Ai maganar da na faɗa a madadinsa tasa ce."

Ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta soka allurar.

"Gobe akwai jirgi. Ni da kai za mu shiga."

Apakuki ya yi gyaran murya zai yi bayani a kan nauyin shugabanci. Babu wanda ya juyo. Matan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta gane tabarmarta ta naɗe, aka kwashi gwaza da kifi aka nufi gidan Nemani. Saura guda ɗaya, wadda yake zaune a kai. Arieta ta kama gefen tabarmar.

"Ɗaga, Shugaba. Ta marar lafiya ce."