Rasuwar Kyamarata a Ɗakin Surace

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Sirkku Rautio nake sanar da mutanen ƙauyenmu na bakin tafki, a nan arewacin Finland, rasuwar kyamarata, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da yamma. Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba, kuma ban saba a ji muryata ba. Amma idan na yi shiru, maganar yayana Jorma ce za ta zauna, shi kuwa yana bin gari yana cewa tsufa ne ya kashe ta. Ba tsufa ba ne.

Marigayiya tsohuwa ce, mai amfani da fim, kuma mai haƙuri. Ba ta taɓa tambayata me ya sa ba na magana a cikin mutane ba. Duk abin da take faɗa bai wuce "ƙyas" ba, sai "kirrr" idan na juya fim. Tun da na bar makaranta, duk kaka muke tsayawa tare a gaban farar bishiyar da ke bayan gidanmu, a ɗan lokacin nan da ganyenta ke komawa ruwan zinariya kafin iska ta kakkaɓe shi. Bana ce kakar bishiyar ta ƙarshe. Jorma zai sare ta ya gina wa babur ɗinsa na ƙanƙara rumfa, ya kuma yi alkawarin jira sai na ɗauki hoton bankwana. Na ɗauka ranar Juma'a. Hoton yana cikin cikin kyamarar ta rasu.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Jorma ya ɗauke ta ba da sanina ba, don a yi masa hoto da barewar da ya harbo, ya zame da ita cikin fadama. Da ya dawo bai gaya mini ba. Ya yi abin da mazan garin nan suke yi wa mura da ciwon baya da jiƙaƙƙiyar safa: ya kai ta ɗakin surace, ya ɗora ta a bencin sama, wai ta bushe. Sai Kawu Veikko ya shigo wankan Asabar, ya zuba wa duwatsu masu zafi ruwa, ya ƙara, ya ƙara, yana waƙa.

Da na same ta, idonta ya yi fari fat, fim ya narke ya manne. Kawu ya ce, "Ai ni na ɗauka ita ma wanka ta zo." Jorma ya ce, "Haba bebiya, kakanmu ma a ɗakin nan ya warke daga ciwon huhu. Ita ce dai ba ta da ƙwari." Allah ya isa.

Ta rasu ta bar igiyar wuya, da jakar fata wadda har yanzu take warin hayaƙi, da hotuna cikin gwangwanin biskit, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Laraba bayan abincin rana, a gindin bishiyar. Za a sha kofi. Ba a buƙatar furanni. Kawu Veikko na iya zuwa idan zai tsaya daga baya, kuma kada ya yi waƙa. Jorma kada ya zo.

Masu zuwa kada su damu, za su tarar da bishiyar a tsaye. Washegarin rasuwar, da sassafe, na ji ƙarar injin yanka itace a tsakar gida. Na ɗauki kujera na kai gindinta na zauna, ganye na zubo mini a cinya. Jorma ya ce, "Ke, tashi. Kin ɗauki hotonki, alkawari ya cika."

Na ce, "Nuna mini shi."

Ya tsaya yana kallona, injin na kuka a hannunsa. Na ce, "Sai baɗi, Yaya."

Ya kira ni mahaukaciya, ya kira ni bebiya mai taurin kai. Ban motsa ba har ya kashe injin.