Shanun Inna Hajo

Ko haƙorana za su zube duka, ba ni mantawa da ranar da na tashi matattun shanu da tsinke.

Shekarar farin nan ce da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Ni kuwa sabon malamin lissafi a Gangara, kaina ya fi rumbu girma (kuma kamar rumbun bana, ba komai ciki). Babana da liman da gwaggona Inna Hajo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shanu huɗu, duk sun ba Jabbi makiyayi kiwo, ya yi kudu da su neman ciyawa.

Ranar kasuwar Sabon Birni wani falke ya kawo saƙon Jabbi: shanu sha biyu suka rage, na Baba sun fi na liman da biyu. Iyakar saƙon ke nan. Dattawan zaure suka sunkuyar da kai. Na ɗauka lissafin ne ya fi ƙarfinsu.

Na tsuguna ina zane a ƙasa da tsinke. Abu uku nake nema, bayani biyu ke hannuna. Da bakina nake faɗi a aji cewa irin wannan ba shi da amsa guda, duk wadda ka zaɓa sai ta zauna. To, na zaɓa. Na ba liman uku, Baba biyar, sai ga huɗu cif sun faɗo wa Inna. Baba ya yi gyaran murya sau uku (na zaci mura ce), ni ko tuni na kai ƙofarta da albishir.

"Ɗana, boko na yac ce suna nan?"

"Inna, lissafi ba ya ƙarya."

Ta ciro geron da ta ɓoye don iri, ta daka, ta yi furar sadaka. Ƙwarya guda na shanye, ina karɓar godiya.

Bayan sati biyu Jabbi ya iso. Na Baba bakwai, na liman biyar. Ya durƙusa ƙofar Inna ya kasa ɗaga kai. Sai daga baya Baba ya gaya mani, makiyayi ba ya aika labarin rashi a bakin wani. Wanda bai ambata ba, shi aka yi wa. Duk zauren sun gane, ban da malamin lissafi.

Da Inna ta zage ni, da na ji sauƙi. Cewa ta yi, "Bari kuka, Malam. Ai ka ba ni sati biyu ina da shanu."

Tun daga nan, in abin da ban sani ba ya fi abin da aka gaya mani yawa, fuskar dattawa nake dubawa, in kama bakina.